Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Mai girma Firaminista: a auna ƙasarmu da ma'auni ɗaya

Mai girma Firaminista,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar ban girma da addu'ar Allah ya taya riƙo, ina rubuto maka daga Maraɗi, a matsayin wanda ya shafe shekaru yana bin gonaki da burtali da na'urar GPS a hannu, tare da hukumomin kula da filayen karkara da muke kira Kofo. Na nufo ofishinka ne kai tsaye saboda batun daidaita awo da bayanan ƙasarmu ya fi ƙarfin ma'aikata guda. Ya shafi noma da kiwo, ruwa, lafiya, ilimi da tsarin birane, kuma kai ne kake da ikon zaunar da waɗannan ministoci a kan tabarma ɗaya.

Ranka ya daɗe, Nijar ba ta rasa bayanai a kan ƙasarta ba. Muna da hukumar taswira ta ƙasa, IGNN. Hukumar ƙididdiga ta INS ta fitar da kundin sunayen garuruwa da ƙauyuka, RENALOC, bayan ƙidayar 2012, wadda ta nuna jihar Maraɗi na da mutum fiye da miliyan 3 da dubu 400. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974 tana bin ruwan sama da tsiro. Kowace ma'aikata da kowace ƙungiyar raya karkara ta auna rijiyoyi, makarantu da gidajen likita. Abin da ya rage shi ne a ɗora wannan a kan wancan su dace, kuma nan ne gizo ke saƙa. Da a ce kowane mai hatsi a kasuwar Maraɗi yana da tiyarsa mai girmanta daban, da ba wanda zai iya faɗin farashin gero. Haka muke da bayanan ƙasa a yau.

Tsofaffin taswirorin da muka gada daga Faransa an gina su ne a kan wani tsohon lissafin siffar duniya da ake kira Clarke 1880, alhali GPS da wayoyin hannu suna aiki da WGS 84. Lamba ɗaya a cikin tsare-tsaren biyu ba ta faɗa a wuri ɗaya a doron ƙasa, kuma tazarar tana iya wuce mita ɗari. Ga kuma rabon da tsarin UTM, wanda ke yanka duniya yanki-yanki don ba wurare lambobi a taswira, ya yi wa ƙasarmu zuwa yankuna 31, 32 da 33: Yamai tana cikin na 31, Maraɗi cikin na 32, don haka burtalin da ya taso daga jihar Tawa ya shigo tamu yana iya ƙetare iyakar lissafi ba tare da wanda ya kwafe lambobin ya rubuta hakan ba.

Na ga illar wannan da idona. An taɓa kiran mu sulhu a wani ƙauye, inda manomi ya zo da takardar gonarsa, shugabannin makiyaya kuma suka zo da taswirar burtalin da wata ƙungiya ta shata shekaru kaɗan kafin nan. Da muka haɗa su a kwamfuta, sai burtalin ya ratsa tsakiyar gonar. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Ƙungiyar ta gama aikinta ta tafi, ba ta bar bayanin tsarin da ta yi amfani da shi ba, duwatsun iyakar kuma rairayi ya binne wasu. Sai da muka koma ga dattawan gari, waɗanda suka tuna da bishiyar gawon da aka tsaya a gindinta ranar awo, sannan aka rabu lafiya. Har yau ina tunanin abin da zai faru da a ce waɗannan dattawa sun riga mu gidan gaskiya.

A Maraɗi ba ma ɗaukar irin wannan da wasa, domin mun san abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da ɗari. Dokar tsarin karkara ta 1993, wadda ta kafa Kofo, da dokar kiwo ta 2010, da ma dokar 1961 da ta sa wa noma iyaka ta arewa, dukansu magana suke a kan layuka da iyakoki. Alƙali ko sarki ba zai iya aiki da layin da ofisoshi biyu na gwamnati suka zana a wurare biyu ba.

Sai batun suna. Gari ɗaya ana rubuta shi Tessaoua a wannan takarda, Tasawa a waccan, haka Guidan Roumdji da Gidan Runji. Sabon Gari da Gidan Wane kuwa ba su ƙirguwa. Idan ma'aikatar lafiya da ta ruwa ba su kira ƙauye da lamba guda ba, babu na'urar da za ta gane cewa wurin da cutar gudawa ta ɓulla shi ne wurin da famfo ya lalace.

Ruwa ma ba ya jiran mu daidaita. Ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta tayar da tsohon garin Maraɗi daga fadama zuwa tudu, kuma a daminar 2024 mun sake ganin gidaje suna rushewa a kan mutane. A irin wannan rana mai aikin ceto yana buƙatar taswirar kwari da tudu, magudanun ruwa, unguwanni da yawan jama'arsu a gabansa lokaci guda. Neman kowanne da wasiƙa daga ofis zuwa ofis ya yi masa nisa.

Roƙona shi ne gwamnati ta fitar da doka da za ta tsayar da tsarin awo guda ga duk aikin hukuma, ta ba IGNN jagoranci da kuɗin da za ta riƙe shi, ta kuma wajabta amfani da lambar INS ga kowane gari da ƙauye. Kowane bayani ya zo da takardar shaidarsa: wa ya auna, yaushe, da wace na'ura, a wane tsari, kuma kuskurensa ya kai mita nawa. Ba sai mun ƙirƙiro wannan daga tushe ba, domin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 19115 ta tanade shi, ƙa'idojin OGC, ƙungiyar duniya mai tsara musayar bayanan taswira, kuma suna ba kowace ma'aikata damar riƙe bayananta a gidanta, sauran su duba ta intanet. Wannan yana da muhimmanci, don na san tsoron da ke hana ofisoshi sakin abin da ke hannunsu shi ne kada a ƙwace musu aiki. Majalisar Ɗinkin Duniya ma tana da kwamitin masana a kan wannan fanni tun 2011, Tarayyar Turai kuma ta yi dokarta ta daidaita bayanan taswira, INSPIRE, a 2007.

Abin da na fi nanatawa shi ne kada wata ƙungiya, ta gida ko ta waje, ta rufe aikinta ba tare da ta damƙa wa hukuma abin da ta auna ba, cikin tsarin da aka yarda da shi. Abin da ya shafi tsaro da sirrin mutane a killace shi, amma a faɗi iyakarsa a rubuce.

Kuma don Allah kada a ƙare zancen a ɗakunan taro na Yamai. Sakatarorin Kofo na ƙananan hukumomi su ne suke cika takardu, da yawansu ba su da wutar lantarki mai tsayawa, balle intanet. A zaunar da su, da sarakuna, da wakilan manoma da makiyaya, tun ranar farko. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana nan Maraɗi da ɗaliban da za su iya koyon manhajar taswira ta QGIS, wadda kyauta ce. Idan ana neman inda za a gwada, a fara da burtalin jiharmu da mashayunta, daga Madarunfa zuwa Dakoro da Bermo, a sake auna su da tsari guda, a kafe taswirar a ofishin kowane magajin gari kafin a saki gonaki a kaka mai zuwa.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira.

Naka cikin girmamawa,
Wani ma'aikacin awon filaye, Maraɗi