Bindigar da ke hannun jarumi ba guda ɗaya ba ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta sharhin da kuka buga kan bindigogin da Sean Connery ya riƙe a finafinansa, ɗan wasan nan na Sikotilan da ya faro daga wasan daɓe, ya rasu a 2020 yana da shekara 90. Ina da gyara, sannan da ƙarin bayanin da nake ganin ya fi jerin sunayen bindigogi amfani ga mai karatu.

A matsayinsa na James Bond an san shi da ƙaramar bindigar hannu Walther PPK, haka ma aka kira ta a cikin fim ɗin Dr. No na 1962, amma wadda ke hannunsa a fim ɗin yayarta ce, Walther PP, mai ɗan dogon baki. Wadda kuma ya ɗaga kusa da fuskarsa a hoton tallar fim ɗin From Russia with Love na 1963 bindigar iska ce, Walther LP-53. Duk da haka an yi gwanjonta a Landan a 2010 kan fam 277,250.

Abin da mai kallo yake ɗauka bindiga ɗaya ce, galibi uku ne ko fiye. Akwai ta roba, ta gudu da faɗuwa da kokawa. Akwai mai kyan gani da ake nunawa dab da kyamara. Sai wadda ke tashi, ita ce ta gaske, kuma ita ce abin tsoro.

Harsashin da ake sa mata iri biyu ne, bai kamata a haɗa su ba. Na farko marar kai ne: kwanso, da albarushi, da ɗan maɓallin gindi mai tayar da wuta, an matse bakinsa ko an toshe da takarda. Shi ke ba da ƙara da walƙiya, ana kuma cika shi kwata, ko rabi, ko cikakke, gwargwadon wutar da darakta yake so. Na biyu na ado ne: yana da kai kamar na gaske, amma ba albarushi, maɓallinsa kuma matacce. Ana huda gefensa ko a jefa ɗan ƙwallon ƙarfe a ciki, don in an girgiza a ji yana kacau-kacau. Amfaninsa a libarba ne, wato bindigar hannu mai ganga mai juyawa inda ake jera harsasai, saboda idan kyamara ta kalle ta daga gaba ana hango ramukan gangarta, in babu komai ciki sai asiri ya tonu.

Fistul irin PP ba ta aiki da harsashi marar kai sai an yi mata gyara. Da yake ba kan da zai tare hayaƙi, ƙarfin da zai mayar da saman bindigar baya ya tofar da kwanso ya ɗauko wani ba ya samuwa. Don haka ake ɗaura wani ƙarfe mai ƙaramar huda a cikin bututun. Hudar ta yi faɗi ko albarushi ya yi kaɗan, kwanso ya maƙale. Ta yi ƙanƙanta, bindigar ta sha wahala har wani abu ya tsage. Libarba kuwa ba ta buƙatar wannan gyara, yatsa ne ke juya gangarta. Bututunta a buɗe yake, duk abin da aka sa mata za ta fitar.

Shi ya sa mutuwa uku da aka fi sani a wannan sana'a a Amurka dukkansu da libarba aka yi su. A 1984 ɗan wasa Jon-Erik Hexum ya ɗora libarba ƙirar .44 Magnum a gefen kansa ya ja kunama. Harsashin marar kai ne, amma ƙarfin hayaƙin ya fasa ƙashin kansa. A 1993 aka rasa ɗan wasa Brandon Lee, kuma yadda abin ya faru ya cancanci a tsaya a kai. Ma'aikata da kansu suka haɗa harsasan ado, suka zubar da albarushin na gaske, suka bar maɓallin da rai. Wani ya ja kunama, ɗan ƙarfin maɓallin ya tura kan harsashi cikin bututu ya maƙale, ba wanda ya lura. Daga baya aka sa marar kai aka harba, hayaƙinsa ya fito da wancan kan kamar harbin gaske. Da an leƙa bututun sau ɗaya da an gani. A Oktoban 2021 kuma, a jihar New Mexico, harsashi mai rai ya shiga cikin na ado, bindigar da ke hannun jarumi Alec Baldwin ta kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins. A 2024 kotu ta ɗaure mai kula da makaman fim ɗin wata 18, ta kuma kori ƙarar da aka shigar a kan Baldwin.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya, gaggawa ce ke karya ta. Harsashi mai rai ba ya zuwa wurin ɗaukar fim ko kaɗan. Mai kula da makamai shi kaɗai ke fito da bindiga daga inda aka kulle ta. Ya buɗe ta a gaban jarumi da mataimakin darakta, ya haska fitila ko ya zura sanda cikin bututu, ya girgiza harsasan ado ɗaya bayan ɗaya kowa ya ji. Ba a cika ta sai za a fara ɗauka, ana gamawa ya karɓe, ya sake dubawa kafin ɗauka ta gaba. Ba a auna mutum. Ana karkatar da baki gefe, kusurwar kyamara ce ke sa a ga kamar an saita. Idan dole a harba wajen kyamara, sai a kafa garkuwar roba mai kauri, ma'aikata su toshe kunne su kare ido.

Ina roƙon ku, duk sanda za ku sake kawo labarin makaman wani jarumi, ku daina kiran harsashi marar kai "harsashin wasa", ku kuma ambaci mai kula da makaman fim ɗin tare da sunan bindigar.

Naku,
Mai karatu