Godiya ga shagon bindigogi da filin koyon harbi na unguwarmu a Houston

Zuwa ga mai shago, da dattijon da ke gyaran bindiga a ɗakin baya, da malamar da ke koyar da ajin lasisin ɗaukar bindiga, da sauran ma'aikata baki ɗaya.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Bayan haka, na riga na yi muku godiya baki da baki da harshenku, amma na ga bai isa ba. Shi ya sa na rubuta wannan da Hausa, don 'yan'uwanmu da ke zaune a nan Texas su karanta su san irin mutanen da na tarar a wurinku. Da yawa daga cikinmu aikin dare muke yi, wani a gidan mai, wani yana tuƙa mota yana kai kaya, wata tana dawowa daga asibiti da asuba. Maganar riƙe ƙaramar bindiga tana yawan tasowa a tsakaninmu, galibi a ɓoye, kuma yawancin abin da ake faɗa jita-jita ce da bidiyon YouTube. Ni dai na samu waɗanda suka san abin, kuma ba su cuce ni ba.

Abin da ya fara ɗaure mini kai game da ku shi ne kun ƙi sayar mini da abin da na zo saye. Na shigo da sunan wata 'yar mitsitsiyar bindiga a bakina, sabuwar fitowa, wadda ake ta yabo a intanet saboda tana shiga aljihu ba a gane ba. Yaron da ke kan kanta bai musa mini ba. Tambayata kawai ya yi ko na taɓa harba irinta, sannan ya ce in biya kuɗin haya kaɗan in shiga filin harbi in gwada guda uku ko huɗu kafin in cire dala ko ɗaya don saye. Ya jera mini Glock 19, da Glock 43X, da SIG Sauer P365, da Smith & Wesson Shield Plus. Da na fito hannuna yana zogi, na fahimci abin da yake so in gane da kaina: ƙanƙantar bindiga tana da farashi, kuma hannun mai ita ne ke biya.

Bayanin da dattijon nan mai gyara ya yi mini a kan haka shi ne ginshiƙin wannan godiya, don haka bari in tsaya a kansa. Ya ɗauko bindiga biyu, Glock 19 da wata ƙarama, ya kwance su a kan farin ƙyalle, ya ajiye saman kowace, wato ƙarfen nan da ke zamewa baya ya dawo duk lokacin da aka yi harbi, ya ce in ɗaga in ji nauyinsu. Na Glock 19 ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Harsashin kuwa iri ɗaya ne, mai milimita 9, ƙarfin da ke tura ƙarfen baya bai ragu ba don bindigar ta ƙanƙance. Saboda haka ƙaramin ƙarfe yana gudu da sauri, tazarar da zai yi gajera ce, kuma a cikin wannan ɗan lokaci dole ya fizgo kwanson da aka harba, ya jefar, ya ɗauko sabon harsashi ya tura ciki. Babbar bindiga tana da sarari, tana yafe ɗan datti ko ɗan sakacin riƙo. Ƙarama ba ta da wannan rangwame. Don haka ne ake sa mata sifirin mai tauri, wato murɗaɗɗiyar wayar da ke maido da ƙarfen gaba, sau da yawa biyu ɗaya cikin ɗaya, shi ya sa kuma ja da samanta baya yake wa masu raunin hannu wuya, sifirin ɗin kuma ya fi saurin gajiya. Ban taɓa jin wani mai talla ya faɗi wannan ba, domin ba ya sayar da kaya.

Ya kuma ba ni ɗan tarihi, ba don burga ba, sai don in san abin da ya daɗe a hannun mutane da wanda bai daɗe ba. Gaston Glock, mutumin Ostiriya da ya rasu a ƙarshen 2023, ba maƙerin bindiga ba ne tun asali. Sandunan labule da wuƙaƙen soja yake yi kafin ya fito da Glock 17 a farkon shekarun 1980, sojan ƙasarsa suka karɓe ta. Jikinta roba ce mai tauri, abin da mutane suka yi wa dariya a lokacin, sassanta kuma ba su kai 40 ba. Glock 19 ta biyo baya a 1988, har yau tana hannun 'yan sanda da sojoji a ƙasashe da dama. Shield ta fito a 2012, Glock 43 mai cin harsashi 6 a 2015. Sai a 2018 P365 ta zo da harsashi 10 a jikin da faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba, kasuwa ta juya, kowane kamfani ya shiga gasar cusa harsashi da yawa a siririn jiki. Hellcat da ake ƙerawa a Kuroshiya ta fito a 2019 da 11. Shawarar dattijon ita ce kada mai neman bindigar da zai dogara da ita ya zama na farko a layin sabuwar fitowa. Ya tuna mini Remington R51, wadda ta fito a 2014 da yabo, matsaloli suka bayyana, aka janye ta daga kasuwa, ba ta dawo ba sai 2016. A bar wasu su yi gwajin, in ji shi, bayan shekara ɗaya ko biyu gaskiya za ta fito.

Daga ƙarshe na ɗauki 43X, wadda ta fi arha a kan wadda na zo nema. Riƙonta ya cika mini hannu har ƙaramin yatsa ya samu wurin zama, kuma da ita na fi samun abin da na auna. Wato kun rage wa kanku riba da bakinku. Ciniki na sani tun ina yaro a kasuwar Kantin Kwari, na san abin da wannan ke nufi.

Wani abin da nake yaba muku shi ne yadda kuke fassara kalmar inganci. A wurinku abu biyu ne: ta tashi duk lokacin da aka ja kunama, kuma kada ta taɓa tashi in ba a ja ba, ko da ta faɗi a kan siminti. Na biyun ne mutane ke mantawa, alhali shi ya fi shafar wanda zai yini da abu a ƙugunsa yana shiga mota yana fita, yana durƙusawa yana ɗaukar kwali. Dattijon ya nuna mini kariya uku da ke cikin Glock da idona: ɗan harshen da ke tsakiyar kunama, da ɗan ƙarfen da ke tare allurar da ke bugun harsashi har sai an ja kunamar, da kuma wanda ke hana ta kuɓucewa in bindigar ta faɗi. Ya sa yatsa ya danna ƙaramin ƙarfen nan ya nuna mini yadda yake nutsewa ya dawo. Sannan ya ce duk wannan banza ne in kuben ba shi da kyau. Kube mai laushi da ke lanƙwashewa ya shiga wurin kunama, ko igiyar riga da ta maƙale a ciki lokacin mayarwa, sun jawo haɗari fiye da lalacewar ƙarfe. Kun sa na sayi mai tauri wanda ya rufe kunama ruf, kun kuma gwada shi da irin dogayen rigunan da muke sawa ranar Juma'a, abin da ya ba malamar dariya don ta ce ba ta taɓa ganin tufar da ta fi kaftani rufin asiri ba.

Akwai ranar da bindigar tawa ta riƙa cijewa a filin harbi, kwanso yana maƙalewa a tsaye a bakin fitarsa. Raina ya ɓaci, na ɗauka an sayar mini da mai aibi. Dattijon bai yi gardama ba, bai kuma yi saurin ɗora laifi a kan kowa ba. Ya karɓa ya harba da gidan harsashin da ta zo da shi, lafiya lau. Ya sa wani gidan harsashi na wani kamfani daban da aka ba ni kyauta, nan take ta cije. Ya kwance shi a gabana, sai ga sifirin ɗin ciki ya yi laushi, leɓen sama kuma ya ɗan buɗe. Ya ɗauko alƙalami mai fenti ya rubuta lamba a gindin kowane gidan harsashi nawa, don in riƙa gane wanda ke kawo matsala, ya jefa marar kyan a kwandon shara bayan ya nemi izinina. Ko sisi bai karɓa ba. Wani wurin da an ce mini sai an canza wannan an canza wancan.

A nan ne kuma ya koya mini abin da zafi da laimar Houston ke yi wa bindigar da ke manne da jiki. Gumi gishiri ne, tsatsa kuma ba a fili take farawa ba, a lungu take, wajen maɓallin sakin gidan harsashi da gindin ma'aunin da ake saiti da shi. Ya zaro wani dunƙulen zaren riga da ƙura daga cikin ta wani mutum da ya kawo gyara, ya ɗora a tafin hannunsa, ya kai girman ƙwayar gyaɗa. Mai ita bai taɓa harba ta ba tun da ya saya, yana ganin sabuwa ce fil. Haka kuma ya hana ni ambaliyar mai. 'Yan ɗigo kaɗan a wuraren da ƙarfe ke gogar ƙarfe sun isa, ramin allura kuwa a bar shi a bushe, don mai yana tara datti a ciki har bugun ya yi rauni. Ya ce kada in yarda da bindiga sai na harba ɗaruruwan harsasai da ita, har da ainihin irin wanda zan riƙa sawa a cikinta, domin harsashi mai rami a baki ba lallai ya shiga sumul kamar na atisaye ba.

Malama, ke ma ina miƙa miki godiya ta musamman. Tun 1 ga Satumba 2021 dokar Texas ta ba wanda ya kai shekara 21 kuma bai da abin da ya haramta masa damar ɗaukar ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba, don haka da kin ga dama da kin bar ni na tafi. Kika ce in yi ajin duk da haka, kuma kin yi gaskiya. Awa huɗu zuwa shida ne a zaune, sai jarrabawar rubutu, sai ta harbi: harsashi 50, guda 20 daga yadi 3, guda 20 daga yadi 7, guda 10 daga yadi 15, ana neman maki 175 cikin 250. Harbin bai kai karatun muhimmanci ba. A ajin ne na san ma'anar allunan 30.06 da 30.07 da ake liƙawa a ƙofar shaguna don hana shiga da bindiga a ɓoye ko a fili, da jan allon 51% da ke hana shiga da ita wuraren da giya ce yawancin cinikinsu, da cewa masallaci ko coci na da ikon hana shiga da makami in sun sanar. Kin daɗe a kan yadda ake kashe rigima da baki da kuma juyawa a tafi, fiye da yadda kika daɗe a kan komai. Kin kuma karanta mana dokar da ta sa barin bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai iya kai hannu laifi ne. Ina da yara ƙanana, uwargida kuma ba ta yarda abin ya shigo gida ba sai da ta ga akwatin ƙarfe mai kulle da kuka taimaka mini na zaɓa.

Na ga kuma ranar da kuka ƙi sayar wa wasu mutum biyu. Ɗaya ne ke nuna abin da yake so yana ƙirga kuɗi, ɗayan kuma shi zai cike fom na 4473, wato takardar gwamnati da mai sayen bindiga ke cikewa, da sunansa. Mai shago ya fito da kansa, cikin ladabi ya ce ba za a yi cinikin ba, don saya wa wani da sunanka laifi ne a dokar tarayya. Suka yi ta surutu suka fita. Ni da nake tsaye ina jiran sakamakon binciken NICS, wato binciken da hukuma ke yi ko an haramta wa mai saye riƙe bindiga, na ji hankalina ya ƙara kwanciya da wurin. Haka kuka bi takarduna ɗaya bayan ɗaya, kuka bayyana mini cewa mai katin zama na dindindin yana iya saye, wanda ya shigo da bizar ziyara ko ta karatu kuwa hukuncinsa daban ne, kada ya bi maganar abokai.

'Yan'uwa da ke karanta wannan daga gida, ku lura da cewa maganar Texas nake yi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda ba a riƙewa sai da lasisin shugaban ƙasa. Ko a nan Amurka, abin da ya halatta a Houston zai iya kai mutum kurkuku a New York.

Ƙorafi ɗaya nake da shi, kuma na faɗa wa mai shago: ranar Asabar layin filin harbi yana da tsawo, mu masu aikin dare kuwa da sassafe muka fi samun sarari. In za ku riƙa buɗewa da wuri ko da rana ɗaya ce a mako, akwai mutane da yawa a cikinmu da za su zo. Wasu abokan aikina sun riga sun ce in kawo su aji na gaba, cikinsu har da wata baiwar Allah ma'aikaciyar jinya da ke fama da ciwon gaɓoɓin hannu. Na gaya mata kuna da Shield EZ a cikin na haya, wadda aka yi don masu irin matsalarta, kuma ba za ku bar ta ta saya ba sai ta ja saman da hannunta ta gani.

A gaida dattijo da kyau. A gaya masa ina rubuta adadin harsashin da nake harbawa a ɗan littafin nan kamar yadda ya ce, kuma in lokacin canza sifirin ya yi, zan kawo masa ita.

Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya tsare mu da ranar da za a bukaci abin.

Naku,
Abokin cinikinku, Bahaushe mazaunin Houston