Mai koyon Ibrananci ya fara da rarrabe namiji da mace

Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa, muna neman ɗan fili a jaridarku domin masu sha'awar koyon Ibranancin zamani, wanda ake yi yau a kasuwannin Tel Aviv da Haifa. Galibi akan fara da haddar gaisuwa: shalom wajen haɗuwa, lehitraot wajen rabuwa, toda na gode, slikha gafara, ken da lo wato i da a'a, sai bevakasha wadda ake roƙo da ita kuma ake amsa godiya da ita. Wannan aikin kwana biyu ne. Inda ake tuntuɓe shi ne jinsi.

Bahaushe ya san kai da ke, don haka ata da at ba za su ba shi wahala ba. "Yaya kake?" shi ne ma shlomkha, "yaya kike?" kuma ma shlomekh. Sai dai Ibrananci ya zarce Hausa a nan, domin shi kansa mai maganar yana sauya aikatau. Mu da namiji da mace duk "ina so" muke cewa; can namiji zai ce ani rotse, mace ta ce ani rotsa. "Ban gane ba" ma haka: ani lo mevin, ani lo mevina. Abin da ke ƙara rikita ɗalibi shi ne rotse da rotsa rubutunsu ɗaya ne, haka shlomkha da shlomekh, tunda jaridu da allunan titi ba sa sa wasulla, waɗanda suke kira nikud. Shawararmu ita ce tun ranar farko a rubuta kowace jimla da siga biyu, a furta su da ƙarfi a jere. Wanda ya rikice a tsakiyar gaisuwa ya fake da ma nishma, "wane labari?", ba ta da jinsi, amsarta beseder, lafiya lau.

Lambobi ma mace da namiji ne. Ƙirge, lambar waya da faɗin lokaci duk da sigar mace ake yi: akhat, shtayim, shalosh, arba, khamesh. Amma shekel, kuɗin Isra'ila, namiji ne, saboda haka idan ka tambayi kama ze ole, "nawa ne?", za a ce maka shlosha shkalim, wato shekel uku. A lura da tarkon: a lambobi daga 3 zuwa 10 ƙarshen -a na namiji ne, akasin sauran kalmomi. Gommai kuwa kunnen Bahaushe ya saba da su: esrim, shloshim, arba'im, khamishim, 'yan'uwan ashirin, talatin, arba'in da hamsin ne.

A lafazi, kh daga maƙogwaro take fitowa kamar harafin kha na Larabci. Kada a mai da v ta zama b. Tov ce, ba tob ba. Ts ɗinsu sassauƙa ce, babu matse maƙoshi irin na "tsuntsu". Nauyin murya yawanci a gaɓar ƙarshe yake, amma a boker tov, barka da asuba, a gaɓar farko yake. In ka kai shi ƙarshe ka ce makiyayin shanu.

Baƙaƙen 22 ne, daga dama zuwa hagu, 5 daga ciki suna sauya kama a ƙarshen kalma. Huɗu a rana, kwana shida an gama, sannan a koma kan rubutun hannu, wanda kamanninsa daban ne da na ɗab'i.

A kuma kula wajen sayen littafi. Nahawun Ibranancin Attaura ba zai koya maka yalla da sababa ba, kalmomin da aka aro daga Larabci kuma ake ji kullum a titi. A nemi littafin da aka yi wa ɗaliban ulpan, makarantun da tun 1949 suke koyar da baƙi harshen yau da kullum, a haɗa da sautin da za a riƙa saurare ana maimaitawa.

Wassalam,
Wasu malaman harsuna