Wasiƙa daga Mosko zuwa ga aminina Lawal

Aminina Lawal,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya Inna da jiki, ya su Hajara? Mu nan sanyi ya kunno kai, karatu kuma sai godiya.

Na ga katun ɗin Gizo da ka turo mini. Zanen ya yi kyau ƙwarai, kuma da gaskiyarka, rawar ce ba ta zauna ba tukuna. Shi ya sa na ce bari in ba ka labarin yadda mutanen nan Rasha suka yi da nasu tatsuniyoyin.

Tsakanin 1855 da 1863 wani masani mai suna Aleksandr Afanasyev ya buga tatsuniyoyin da aka tattaro daga bakin mutanen karkara, wajen guda 600. Daga wannan rumbu masu zane da makaɗa suke ɗiba har gobe. A ciki akwai Baba Yaga, tsohuwar mayya mai zama a ƙungurmin daji, ɗakinta yana tsaye bisa ƙafafun kaza, sai an yi masa magana yake juyo da ƙofarsa. A cikin turmi take tashi sama, taɓarya ce abin tuƙinta, tana tafe tana share sawunta da tsintsiya. Wani baƙon ta nemi cinye shi, wani kuma ta ciyar da shi ta nuna masa hanya, wannan hali nata biyu shi ya fi burge ni. Akwai kuma Koschei, mugun da ba ya mutuwa, domin ajalinsa yana cikin allura, allurar cikin ƙwai, ƙwan cikin agwagwa, agwagwar cikin zomo, zomon cikin akwati a wani tsibiri.

A 1936 aka kafa ma'aikatar katun ta Soyuzmultfilm a nan Mosko, ita ta mayar da irin waɗannan labarai majigi. Ga abin da ya shafe ka. A wajajen 1950 masu zanenta sukan sa 'yan wasa na gaske su yi shiga, su yi tafiya da rawa a gaban kyamara, sannan su bi hotunan ɗaya bayan ɗaya suna kwaikwayon motsin a takarda. Aiki ne mai cin rai, tunda fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda. Amma idan ka kalli katun na wancan zamani za ka ga yadda budurwa ke karkata kai, yadda riga ke bin jiki, duk daga jikin mutum aka ɗauko.

Rawar da mutanen Rasha suka gada kuwa sunanta khorovod, 'yan mata ke kama hannu su yi da'ira suna waƙa. A 1948 Nadezhda Nadezhdina ta kafa ƙungiyar Beryozka ta kai wannan rawa dandali. Na je na gani da idona, Lawal. Matan suna sanye da dogayen riguna masu jan ƙasa, kowacce riƙe da reshen bishiya, suna kewayawa ba ka ganin ƙafa ko ɗaya ta ɗaga, sai ka rantse daɓen ne ke tafiya da su. Ƙananan taku suke yi a kan yatsun ƙafa, kafaɗa kuwa ko gezau. Ban so aka tashi ba.

To shawarata ita ce ka nemi mai kalangu da yaro ɗaya wanda ya iya taka rawa, ka ɗauke su da wayarka, ka rage saurin bidiyon, ka zana Gizo a kan motsin yaron. Lura da kafaɗa da ƙugu tun kafin ƙafa. Idan ka gama ko da daƙiƙa goma ce, turo mini in nuna wa wata abokiyar karatunmu da ke koyon zanen katun, ta daɗe tana tambayata wane ne Gizo.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka har kullum,
Bashir