Sabo Ake Yi Wa Kuka: Gardamar Masoyan Rush Bayan Mutuwar Makaɗinsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in tofa albarkacin bakina a kan wata gardama da ta hana majalisarmu ta bayan Isha'i sakat a nan Fagge. Na san wasu masu karatu za su ce me ya haɗa Bakano da mutuwar makaɗin Turawa, wasu kuma za su so a fara da hukuncin kiɗa a addini. Wannan na biyu fagen malamai ne, na bar musu shi. Na farkon kuwa, ina ganin maganar ta fi kusa da gida fiye da yadda ake zato.

Ƙungiyar da nake magana a kanta ita ce Rush, wadda aka kafa a birnin Toronto na ƙasar Kanada a shekarar 1968. Mutum uku ne suka riƙe ta sama da shekara 40 ba tare da an canza ko ɗaya ba: Geddy Lee mai rera waƙa da kaɗa jita mai kaurin murya, da Alex Lifeson mai babbar jita, sai Neil Peart a kan ganguna. Irin kiɗansu shi ne reshen kiɗan rok mai dogon zango, wanda ya tsiro a Ingila a ƙarshen shekarun 1960 a hannun ƙungiyoyi irin su Pink Floyd da Yes da King Crimson, inda waƙa ɗaya kan ɗauki minti goma ko ashirin, tana sauya taki da sauti sau da yawa kafin ta dire. Ba kiɗan rawa ba ne. Wanda ya miƙe zai taka, ƙafarsa za ta harɗe tun kafin a yi nisa. Kiɗa ne na zama a kasa kunne, kuma a nan ne asalin shaƙuwar masoyansu take, domin wanda ya ba abu minti ashirin na natsuwarsa sau ɗari, abin ya riga ya zama wani yanki na rayuwarsa. A 1976, bayan faifansu na baya bai yi kasuwa ba, kamfanin da ke buga musu ya matsa su koma gajerun waƙoƙin da gidajen rediyo ke so, sai suka yi kunnen uwar shegu, suka fito da faifan 2112 wanda waƙa guda ta cinye fuskarsa ɗaya baki ɗaya. Faifan ya karɓu, kuma tun daga lokacin masoyansu suke ɗaukar kansu a matsayin mutanen da suka tsaya wa gwanayensu lokacin da manyan masu sharhi ke yi musu dariya.

Ni da aminina, wanda shi ne abokin gardamar tawa, mun fara jin su ne a 1982 muna ɗaliban kwalejin horon malamai, ta hanyar wani malaminmu ɗan Kanada da ya zo aikin sa-kai. Da zai koma gida ya bar mana kaset guda, mu kuwa muka yi ta juya shi a rikodar aro har zaren ya tsinke, muka liƙe shi da jan farce. Ba ma jin rabin Turancin da ake rerawa, amma kunnen da ya tashi da kalangu da kotso da taushi ba a koya masa gane gwanin makaɗi. Akwai wani kiɗa a kaset ɗin da babu waƙa a cikinsa, wanda daga baya muka fahimci cewa an gina bugun farkonsa ne a kan alamar filin jirgin saman Toronto da harufan tangarahu. Mu da muka san kalangu yana kiran sunan mutum ya yi masa kirari, wannan bai zo mana da baƙunta ba ko kaɗan.

Neil Peart ya mutu ranar 7 ga Janairun 2020 a jihar Kalifoniya ta Amurka, yana da shekara 67, bayan ya yi shekara uku da rabi yana fama da sankarar ƙwaƙwalwa. Ya ɓoye ciwon, iyalinsa da abokan sana'arsa kuma suka riƙe masa amana, shi ya sa da labarin ya fito bayan kwana uku ya zo wa duniya ba zato ba tsammani. Na ga aminina, dattijo mai jikoki, ya yi shiru a kan benci har shayinsa ya huce bai kurɓa ba. Matasan majalisa suka yi ta tsokanarsa, suna cewa ko za a kafa rumfar zaman makoki ne. Ban ga abin dariya ba a ranar, domin na tuna yadda gari ya yi tsit a watan Yunin 1999, lokacin da Alhaji Mamman Shata ya rasu a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, da yadda mutanen da ko hannu ba su taɓa yi da shi ba suka rinƙa yi wa juna ta'aziyya a tasha da kasuwa. Hausawa sun riga sun yanke hukunci cewa sabo ake yi wa kuka, kuma sabo ba ya tambayar ƙabila ko nisan gari. Abin da aminina ya rasa a daren nan ya haɗa da ƙuruciyarsa, da ɗakin kwanan ɗalibai, da abokan da suka riga mu gidan gaskiya waɗanda muka saurari kaset ɗin tare.

Har zuwa nan bakinmu ɗaya da shi. Inda muka raba gari shi ne a watan Oktoban 2025, da Lee da Lifeson suka sanar cewa za su koma fagen wasa a 2026 da sunan Rush, tare da wata makaɗiya 'yar ƙasar Jamus mai suna Anika Nilles, wadda ta taɓa yin kiɗa tare da shahararren mai jita Jeff Beck. Ɗan ƙanwata ne ya kawo mana labarin a wayarsa, ya ce, “Kawu, mutanenku fa sun dawo, kuma mace ce za ta hau gangunan.” Aminina ya ce wannan cin amana ne, ya ce Rush ta mutu ranar da Peart ya mutu, duk abin da za a yi bayansa tallan suna ne kawai don neman kuɗi. Yaron ya nuna mana cewa a can ƙasashensu ma akwai masu irin wannan ra'ayi, ko da yake masu murna ba su da iyaka.

Ina ganin aminina ya yi kuskure, kuma dalilina na farko shi ne tarihin mamacin kansa. Peart ba da shi aka kafa ƙungiyar ba. Makaɗinsu na farko shi ne John Rutsey, wanda da shi aka yi faifan farko, kuma sai da ya bar ƙungiyar a 1974 sannan aka gwada wani dogon saurayi da ke sayar da kayan gyaran injinan noma a shagon mahaifinsa, aka ɗauke shi ana saura mako biyu su fara zagayen Amurka. Da a ce masoyan wancan lokaci sun kafe cewa kujerar Rutsey ba ta gaduwa, da duniya ba ta san wanda muke yi wa kuka yau ba. Sa'annan ba mutuwa ce ta tsayar da Rush ba. Wasansu na ƙarshe tare an yi shi ne ranar 1 ga Agustan 2015 a Los Anjalis, kuma Peart ne ya ajiye sanda da kansa saboda ciwon jijiyoyi da na kafaɗa, domin bugun awa uku a dare ɗaya ba aikin mai shekara sittin da 'yan kai ba ne, shi kuwa ba ya son ya yi abin da bai kai yadda ya saba ba. Abokansa biyu sun so a ci gaba, amma suka girmama shawararsa, suka jira shi, suka yi jinyarsa a asirce, ya mutu suka ƙara shekara biyar da watanni kafin su ce uffan game da komawa. Matarsa da 'yarsa kuma sun fito fili sun sa wa tafiyar albarka. Idan iyalin mamaci sun yafe, ban san da wane matsayi mai sauraro daga Fagge zai riƙe takaba a madadinsu ba.

Ba wannan ne karo na farko da suka jira shi ba. A 1997 'yarsa ta fari ta mutu a haɗarin mota, bayan wata goma uwar yarinyar ta bi ta sakamakon ciwon daji, sai ya ce wa abokansa su ɗauka ya yi ritaya, ya hau babur ya yi ta yawo tsakanin Kanada da Amurka da ƙasashen kudu da su, tafiyar da ta kai kilomita 88,000. Ba su nemi wani makaɗi ba, suka zauna har ya dawo da ƙafarsa, suka fitar da sabon faifai a 2002. Mutanen da suka yi wannan haƙuri sau biyu, kiran su maciya amana ya yi nauyi a baki. Yanzu kowannensu ya haura shekara 70, tun suna 'yan makaranta suke tare, kuma ba su da wata sana'a da ta wuce wannan.

Dalili na biyu daga gidanmu na ɗauko shi. A ƙasar Hausa kiɗa gado ne, kuma tsarinsa ma an yi shi ne da sanin cewa mutuwa rigar kowa ce. Ƙungiyar makaɗan fada tana da uban kiɗi, tana da daudun kiɗi da ke jiran gado, ga 'yan amshi ga sanƙira. Alhaji Musa Ɗanƙwairo a gidansu ya tarar da kotso, da ya rasu a 1991 kuma 'ya'yansa suka ci gaba da kiɗan, ba wanda ya ce sun ci amanar ubansu; iyaka dai a ce muryar ba ta kai ta tsoho ba, wannan kuwa hukuncin kunne ne, kowa yana da ikon yin sa. Ko a kudancin ƙasar nan, da Fela ya mutu a 1997, ɗansa Seun ne ya karɓi ƙungiyar Egypt 80 yana yaro ɗan shekara 14, tsofaffin makaɗan ubansa suka tsaya a bayansa. Abin kunya ma a wajenmu shi ne akasin na Turawan: mu mawaƙi kaɗai muke riƙewa, makaɗi kuwa ko oho. A cikin dubban masu son Shata, mutum nawa ne za su iya kawo sunan masu kalangunsa guda uku? Da yawansu sun mutu ba a ji ko sanarwa a rediyo ba, alhali da hannunsu aka gina sunan da muke tinƙaho da shi. A wannan fanni kam masoyan Rush sun fi mu sanin darajar mai ganga.

Sai dai adalci ya sa in faɗi inda aminina yake da hujja mai ƙarfi, wadda ni ma ta tsaya mini a rai. Peart ba makaɗi ba ne kawai. Shi ne mai tsara kusan dukkan baitocin da Lee ke rerawa tun daga 1975. Mutum ne mai yawan karatu har ana yi masa laƙabi da Farfesa, mai gudun taron masoya, wanda ya taɓa zagaya maƙwabciyarmu Kamaru a kan keke a 1988 ya rubuta littafi a kan tafiyar. Ke nan a ƙungiyarsu fasihin yana zaune ne a baya, mai muryar yana gaba, saɓanin abin da muka sani a nan. Ana iya samun hannun da zai maimaita bugunsa, amma alƙalaminsa ya tafi da shi. Kuma akwai misalin da ke tsorata mutum: ƙungiyar Yes ta rasa mai kaɗa mata jita mai kaurin murya, Chris Squire, a 2015, wanda shi da kansa ya zaɓi magajinsa kafin ya cika, ta rasa makaɗinta Alan White a 2022, yau tana yawo da sunan ba tare da ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta ba. A ɗaya gefen kuma ga Led Zeppelin, waɗanda suka rufe shago a 1980 da mutuwar makaɗinsu John Bonham, mutane suna yaba musu har gobe. Na yarda akwai ranar da suna kan zama fanko, kuma idan aka wayi gari babu Lee babu Lifeson amma ana sayar da tikiti da sunan Rush, ni ne zan fara komawa bayan aminina. Amma ranar ba ta zo ba. Biyu daga cikin ukun suna raye, su ne suka tsara sautin waɗannan waƙoƙi da hannunsu, kuma sun faɗa ƙarara cewa ba maye gurbin abokinsu suke nufi ba, girmama aikin da suka yi tare suke son yi.

Abin da na lura da shi a muhawarar nan, har da ta wajen ɗan ƙanwata da abokansa masu bin ta a Facebook, shi ne mafi zafin masu adawa ba su taɓa jin bugun matar nan ba, kuma ba sa son su ji. Wasu don mace ce, wannan kuwa ba hujja ba ce ga wanda ya san abin da Barmani Choge da matan amada suka yi da ƙwarya. Wasu kuma, irin aminina, tsoro suke ji kada ta iya, domin idan ta iya to abin da suka ɗauka na mutum ɗaya ne tak ya zama abin koyo. Na faɗa masa haka a gaban jama'a, na ƙara da cewa sabon da ake yi wa kuka shi ne kuma aka ce turken wawa, ya yi fushi ya kwana biyu bai zo majalisa ba. Na bi shi gida na ba shi haƙuri a kan lafazin, ban janye ma'anar ba.

An tsara za a fara wasannin ne a watan Yunin 2026, a zauren nan na Los Anjalis inda suka yi sallama da Peart a 2015. Ɗan ƙanwata ya yi alkawarin zai sauko mana da bidiyon daren farko a waya ya kawo majalisa. Aminina, wanda har yanzu kaset ɗin nan mai jan farce yana cikin akwatinsa ko da yake babu rikodar da za ta juya shi, ya ce shi ba zai kalla ba, zai juya wa wayar baya. Na tambaye shi ko zai toshe kunnensa ma, ya ce wannan kuma bai yi alkawari ba.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani tsohon malamin makaranta,
Fagge, Kano.