Mutumina, kan maganar firiyam ɗin nan

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Ingila, ya karatu, da fatan ana ta fama lafiya. Mu nan Alhamdulillah, zafi ne dai kawai da rashin wuta wanda ka riga ka sani. Na ji saƙon muryarka tun ranar Talata, na ga in na ce zan amsa da baki zan yi ta zuba ne har ka gaji, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka ce masu gitar Agadas za su zo garinku su yi wasa a wani ɗan ƙaramin zaure, kana son ka ɗauki sautin ba tare da ka tsaya da kaya riƙi-riƙi kamar ɗan jarida ba, wane firiyam (preamp, wato ƴar na'urar da ke ɗaga sautin makirufo kafin ya shiga rikoda) za ka saya. To tsaya tukuna kafin ka zubar da fam ɗinka, don ni a ganina wannan wasan ma ba firiyam yake buƙata ba.

Ka san ƙananan makirufon nan da ake maƙalawa a kwala ko a hula, su sai da wuta suke aiki, ita kuma rikoda ta aljihu wutar da take ba su ta ramin fulogi ba ta da yawa, bolt 2 zuwa 5 ne, yawanci ma wajen 3. In wurin shiru ne ba matsala, amma da zarar ganga da lasifika sun tashi sai makirufon ya shaƙe tun kafin sautin ya kai cikin rikoda, kuma ko ka rage lamba har ƙasa a fashe zai fito. Ni na sha wannan, wani hawan sallah na tsaya daf da masu algaita da kakaki, ina kallon mitar ƙarfin sauti ta rikoda tana tafiya daidai ko ja ba ta taɓa ba, raina fes, na dawo gida na saka a kunne wallahi kamar ana yaga buhu. Laifina ne, ƙarfi na dinga tunani alhali wuta ce ta yi kaɗan. Maganinsa ɗan akwatin batir mai bolt 9, girmansa bai fi kwalin ashana da yawa ba, ba ya ƙara sauti ko kaɗan, wuta kawai yake ba makirufo, sai ka jona shi a LINE IN ba MIC IN ba. Sound Professionals na Amurka suna yin irinsa, Church Audio na Kanada ma haka, kuma bai kai kuɗin firiyam ba.

Firiyam aikinsa daban, shi ɗaga ƙaramin sauti yake yi. Ka tuna tsohon nan mai gurmi da ka ce in ka dawo Disamba za mu je wajensa? To nan ne wurinsa. Mutum ɗaya a zaure yana kaɗawa a hankali yana waƙa ƙasa-ƙasa, in ka dogara da rikoda sai ka murɗa ta kusan ƙarshe, daga nan ka dinga jin shuuu a bayan kiɗan har a tashi. Mai kyau zai ƙara maka desibel 20 ko 30 ba tare da wannan hucin ba. In kana son jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya ka duba irin CA-9200 na Church Audio, batir mai bolt 9 yake ci, yana ba makirufo wuta kuma yana ƙara ƙarfi, wurin hayaniya ka sauke shi ƙasa ya zama kamar akwatin batir, wurin tsoho ka ɗaga. Abin da nake so da shi maɓallin mataki-mataki yake tafiya, ba ya zamewa a aljihu. Mai murɗawa sulɓi kuwa ka zauna sau ɗaya ya juya, ba za ka sani ba sai a gida.

Makirufon ma ka lura. DPA 4060 da 4061 in ka ajiye su tare ba za ka bambance ba, amma 4060 ya fi saurin ji, na kiɗa mai taushi ne, 4061 shi yake jure ƙara har desibel 144. Tsada gare su sosai kuma bakinsu sai an sa adafta, ba na ce lallai ka saya ba, misali ne.

Na san za ka ce ai akwai rikodar Zoom F3 da ta fito 2022, mai tsarin 32-bit float wanda ba ruwanka da saita ƙarfi, batir AA biyu. Gaskiya ne na'ura ce mai kyau, tafin hannu ke ɗaukarta. Sai dai bakinta XLR ne guda biyu, manyan fulogan nan, in ka jona su aljihu sai ya kumbura, fantom, wato wutar bolt 48 da take ba makirufo ta XLR, kuma shan batir gare shi, sannan in makirufon da kansa ya shaƙe 32-bit ba ta ceto ka. Rikodar MixPre-3 kuwa sarauniya ce amma ta jaka ce, manta da ita. Tunda kana da rikodar Sony A10 ka riƙe abarka, ka sauke manhajarta ka dinga duba mita daga waya, mutane su ɗauka saƙo kake karantawa.

Sauran ƙananan abubuwa: ka naɗe ƙaramin fulogin nan mai milimita 3.5 da salatif don shi ne ke zarewa cikin turmutsitsi, ka danna HOLD don kulle maɓallan rikoda, sabon batir kowane wasa, mita ta tsaya wajen desibel -12. Fayil ɗin WAV mai 24-bit, 48 kHz yana cin kusan giga 1 a awa, kati ba damuwa ba ne. Kada ka sa shadda mai sitaci, duk motsinka sai ya shiga, na taɓa ɗaukar minti 40 na ƙarar rigata. Kuma ka tsaya tsakiya kana fuskantar lasifika, nesa da masu surutu da wurin sayar da abin sha.

Abu ɗaya dai, ka tambaye su kafin a fara, ko manajansu, wuraren can suna da dokarsu kuma ba na son a fito da kai a kunyace. Da yawa suna yarda in ba sayarwa za ka yi ba, mawaƙan Amurka Grateful Dead ma tun 1984 suka ware wa masu ɗauka wuri. Ni ɓoyewar da nake yi ba don sata ba ce, kawai na lura makaɗi yana ganin na'ura sai ya bar abin da yake yi ya juyo kanka da kirari, maroƙi ya kama sunan kakanka, ka tashi da waƙar kanka aljihu kuma babu ko sisi.

In za ka yi oda ka haɗa min da kebul ɗin 3.5 mai lanƙwasasshen kai guda biyu, gajeru, nawa ɗaya ya fara katsewa. Ka turo min fayil ɗin yadda yake kada ka matse shi ta WhatsApp. Su Hajiya suna gaishe ka, ta ce wai ka rame a hoto.

Naka har kullum.