A ƙera wa dattawa masu sana'a na'urar zumunci

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2025 ya ce mutum 1 cikin 6 a duniya na fama da kaɗaici. Ina so in ja hankali kan dattawanmu masu sana'ar hannu a nan Legas.

A Agege da Idi-Araba akwai dukawa da masu ɗinkin hula da masu surfani da suka tsufa kan sana'a. A da aiki da hira tare suke tafiya. Yanzu abokan zama sun koma gida Arewa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, matasa kuma sun kama wasu sana'o'in. Ana cewa ai akwai WhatsApp. To, mai allura a hannu da ido kan zare, yaushe zai tsaya latsa waya? Ga ƙarancin gani, ga tsadar data.

Rediyo ya zauna a rumfunansu ne domin kunne kawai yake nema. Don haka ina kira ga matasa masu fasaha na unguwar Yaba da ke nan Legas su ƙera ƙaramar na'ura irinsa: maɓalli ɗaya, saƙon murya da Hausa tsakanin abokan sana'a, caji da hasken rana, kuma Baba ya kashe ta duk lokacin da ya so, musamman lokacin salla. Kafin a zana komai, a wuni a rumfunan a ga yadda hannu ke aiki. Fadojin Sarakunan Hausawa za su iya haɗa ɓangarorin biyu.

Mai karatunku,
daga Agege, Legas